Kurakuran da aka fi yi a lissafin matsi, girma da zafin gas

Kuskuren da ya fi cin ɗalibai maki shi ne sa zafi a digirin Selshiyos kai tsaye. Dokar Charles (girman gas yana bin zafinsa idan matsi bai canja ba) da dokar matsi (matsin gas yana bin zafinsa idan girma bai canja ba) ba sa aiki sai da ma'aunin Kelvin, don haka a fara ƙara 273 a kan digirin Selshiyos. Daga digiri 27 zuwa 54 zafi bai ninka ba: 300 ne ya koma 327, ƙarin kashi tara cikin ɗari kacal.

Sai batun geji. Abin da gejin mai faci yake nunawa rarar matsi ce a kan na iskar sarari, wanda ya kai kusan psi 14.7 (psi ma'aunin matsi ne). A ce an yi wa taya iska psi 32 da safe a digiri 27, tafiya a kan kwalta da rana ta kai ta digiri 57. Matsin gaskiya 46.7 ne, wato 32 da 14.7. A ninka shi da 330 (digiri 57 a Kelvin), a raba da 300 (digiri 27 a Kelvin), a samu 51.4, a cire 14.7, geji zai nuna kusan 36.7. Wanda ya manta da iskar sarari 35.2 zai samu, wanda ya yi da Selshiyos kuwa sai ya haura 67. Shi ya sa ba a sace iskar taya mai zafi, domin in ta huce za ta gaza abin da ake so. A auna da safe kafin mota ta motsa.

Dokar Boyle, ta 1662, wadda ta ce girman gas yana raguwa idan matsi ya ƙaru, tana da sharaɗi: zafi da yawan gas su tsaya yadda suke. Famfon keke da ya ɗumama a hannu ya riga ya karya sharaɗin. A kuma daidaita ma'auni, lita ɗaya santimita kubik 1000 ce.

Tukunyar gas ɗin girki ma tana ruɗar mutane. Abin da ke ciki ruwa ne da tururinsa a sama, kuma muddin akwai sauran ruwan, matsin yana bin zafi ne, ba yawan gas ba. Geji ba zai faɗi abin da ya rage ba. A ɗora ta a sikeli, a cire nauyin tukunya wofi da ke rubuce a jikinta. Kada a nemi a cika ta maƙil, ana barin kusan kashi 20 cikin ɗari saboda ruwan yana kumbura da zafi, kuma kada a ajiye ta a rana ko kusa da murhu.