Yadda ake faten tsaki da yakuwa

Na mutum huɗu: tsakin masara gwangwani 2, yakuwa ɗauri 1, alayyahu ɗauri 2, dakakkiyar ɗanyar gyaɗa rabin gwangwani, tattasai 3, attaruhu 2, albasa, daddawa, manja ludayi 1. In kin je Kasuwar Bacci ko ta Kawo a Kaduna, nemi tsaki mai ɗan girma. Mai laushi kunu yake komawa.

Da farko ki rege tsakin, ki wanke har dusar ta daina tasowa.

Soya jajjage a manja, ki tsaida ruwa gwangwani 8, ki sa daddawa, gyaɗa, gishiri da dunƙule.

In ya tafasa, ki riƙa zuba tsakin kaɗan-kaɗan kina juyawa da muciya. Nan ake samun matsala: kika juye shi gaba ɗaya, gudaji zai yi. Rage wuta, ki ba shi minti 20, kina leƙawa kada ya kama gindin tukunya.

Yakuwa ta biyo baya, don tsaminta kan hana tsaki nuna da wuri. Alayyahu a ƙarshe, minti 3 ya isa.

Ki sauke da ɗan ruwa-ruwansa, in ya huce zai yi kauri da kansa.