Kafin Ka Kama Haya a Gyararren Gida a Cikin Garin Bauchi

A tsofaffin unguwannin cikin ganuwar Bauchi, irin su Jahun, Nassarawo da Ƙofar Dumi, ana yi wa gidaje kwaskwarima a zuba 'yan haya: tayil a ƙasa, silin na roba, sabon fenti. Ga fada kusa, ga kasuwa, ga masallacin Juma'a. Sai dai da yawansu ginin ƙasa ne aka sa wa rigar siminti, don haka bango za ka fara dubawa.

Ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa daga tsayin gwiwa zuwa ƙasa. In ya yi amo kamar ganga, filasta ta rabu da ƙasar ciki. Dalili kuwa siminti ba ya barin jar ƙasa ta sha iska; danshi ya taso daga tushe ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe tana zagwanyewa a ɓoye, wata rana filastar ta faɗo gaba ɗaya. Farin gishiri a gindin bango da fenti mai kumbura duk alamarsa ce. Sannan ka tsaya a bakin zaure ka kwatanta ƙasan gidan da titi. Inda aka ɗaga hanya ko aka gina kwalbati, tsohon gida kan koma ƙasa, ruwan Agusta ya shigo tsakar gida maimakon ya fita. Ka nemi wurin da ruwan ke fita, ka zuba bokiti biyu ka ga inda ya nufa. Wanda ya duba gida da rani, to ya tambayi maƙwabta labarin damina, don dillali ba zai faɗa ba.

A ɗaga falle ɗaya na silin a haska da tocila. Sau da yawa tsohon kwano da katakon da gara ta ci suna nan a sama.

Wuta daga kamfanin JED take zuwa. In mita mai kati ce, a duba ko akwai tsohon bashi a kanta, domin duk katin da ka saya za a riƙa cirewa. In mita ɗaya ce ta gida duka, a yanke yadda za a raba kuɗi tun yanzu. A kwance soket ɗaya a ga waya: siririya ba ta ɗaukar dutsen guga da firji lokaci guda, zafi take yi ta narke. Ruwan famfo na madatsar ruwa ta Gubi ba kullum yake zuwa kowane lungu ba, ka tambayi kuɗin kurar mai ruwa. Rijiyar da ke dab da masai ko sokawe kuwa ta wanki ce kawai.

Gidan da ke kallon filin ƙwallo ko dandalin unguwa yana da iska, yara kuma na da wurin wasa. Amma ka je bayan la'asar, ka koma bayan isha'i, ka ji hayaniyar da kunnenka, ka ga masu zama a wurin. Lokacin siyasa da bukukuwa lasifika kan kai tsakar dare.

Yawancin gidajen nan na gado ne, kuma a nan rigima take. Kada ka ba dillali kuɗin haya. La'adarsa kawai, galibi kashi 10 cikin 100. Ku je wurin mai unguwa ka ce, "Ranka ya daɗe, wane ne magada suka wakilta a kan gidan nan?" Wakilin magadan za ka biya, ka karɓi rasit. A takardar yarjejeniya a rubuta kuɗin shekara, ranar shiga, wa'adin notis, wanda zai gyara yoyo da wanda zai kwashe masai, shaidu biyu su sa hannu. Gyaran da ya rage a gama shi kafin ka biya, ko a rubuta cewa za a cire kuɗinsa daga haya. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da ke kan mita.