Yadda Ake Zaɓar Maganin Ciwon Kai Mai Zuwa a Jere

Akwai wani nau'in ciwon kai da likitoci ke kira kulasta, wanda yake kama gefe ɗaya na kai, musamman kewayen ido da saman kunne, da zafin da masu fama da shi ke kwatantawa da soka ƙarfe mai zafi a cikin ido. Idon gefen yakan yi ja yana zubar da hawaye, hanci ya toshe ko ya riƙa yoyo, fatar ido ta sauko, kuma mai ciwon ba ya iya zama wuri ɗaya, sai kai-kawo yake yi, saɓanin mai ciwon ɓarin kai wanda ke neman ɗaki mai duhu ya kwanta. Kowane tashi yana ɗaukar minti 15 zuwa 180, yana iya zuwa sau ɗaya a kwana biyu ko har sau 8 a yini, sau da yawa a lokaci guda kuma cikin dare. Haka zai yi ta zuwa na makonni ko watanni, sannan ya ɗauke na tsawon lokaci. Kusan mutum 1 cikin 1000 ke da shi, maza sun fi yawa.

Gajeren lokacin da kowane tashi ke ɗauka shi ne ke yanke hukunci kan maganin da ya dace. Ƙwayar da aka haɗiya tana buƙatar lokaci kafin ta shiga jini, shi kuwa ciwon yana kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna, saboda haka farasitamol da ibuprofen ba su da wani tasiri a nan, kuma magunguna irin su tramadol da kodin, ban da rashin amfaninsu ga wannan ciwo, suna jefa mutum cikin dogaro da su. Abin takaici ne yadda mutane ke shafe shekaru suna shan irin waɗannan, wasu har a cire musu haƙori bisa zaton daga can ciwon yake. Matakin farko shi ne ganin likitan jijiyoyi domin tabbatar da sunan ciwon, kuma yawanci za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na MRI don a kawar da wani dalili na daban. Yana da kyau a je da rubutaccen bayani na ranar kowane tashi, da sa'arsa, da tsawonsa, da gefen da ya kama.

Idan ciwon ya tashi, abubuwa biyu ne suka fi inganci. Na farko shi ne shaƙar iskar oksijin zalla, lita 12 zuwa 15 a minti ɗaya, na tsawon minti 15 zuwa 20, ta abin rufe hanci da baki mai jaka a ƙasansa. Siririn bututun da ake saƙalawa a hanci ba ya isar da iskar da ake buƙata, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ce oksijin bai yi musu aiki ba, idan aka bincika, ƙarfin iskar ne ya yi kaɗan ko kuma an makara wajen farawa. Mai ciwon ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, ya fara shaƙa da zarar ya ji alamar farko. Ana iya maimaita shi sau da yawa a yini, wanda hakan babbar fa'ida ce. Sai dai mai daɗaɗɗiyar cutar huhu ya nemi izinin likita tukuna, kuma kada a kusanto da wuta ko taba kusa da tukunyar iskar, gargaɗin da ya zama dole domin da yawa daga cikin masu wannan ciwo mashaya taba ne.

Na biyu shi ne allurar sumatriptan, miligiram 6 a ƙarƙashin fata, wadda mai ciwon ke iya yi wa kansa da alƙalamin allura, kuma takan kwantar da zafin cikin kusan minti 15. Ba a wuce allura biyu cikin sa'a 24. Wanda ba ya son allura zai iya amfani da feshin hanci na sumatriptan miligiram 20 ko zolmitriptan miligiram 5, ko da yake sun ɗan fi jinkiri. Waɗannan magunguna suna tsuke jijiyoyin jini, saboda haka an hana su ga mai ciwon jijiyoyin zuciya, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Mai samun tashi huɗu ko biyar a yini ya kamata ya dogara da oksijin, ya ajiye allurar don tashin da ya fi tsanani ko wanda ya same shi a waje.

Kwantar da tashi ɗaya bayan ɗaya bai wadatar ba, dole a fara maganin kariya tun ranakun farko na zangon ciwon. Wanda aka fi farawa da shi shi ne verapamil, wanda asalinsa maganin zuciya da hawan jini ne. Yawanci ana farawa da miligiram 80 sau uku a yini, a riƙa ƙarawa a hankali duk bayan kimanin mako biyu, kuma wasu sukan buƙaci adadin da ya zarce wanda ake ba masu hawan jini nesa ba kusa ba. Saboda yana iya rage saurin saƙon da ke tafiyar da bugun zuciya, wajibi ne a yi gwajin bugun zuciya na ECG kafin farawa da kuma duk lokacin da za a ƙara adadi, kuma a ganina duk wanda aka ɗora a kan wannan magani ba tare da gwajin ba yana da hakkin ya tambayi dalili. Taurin bayan gida da kumburin ƙafa da kumburin dasashi suna cikin illolinsa.

Da yake verapamil yana ɗaukar makonni kafin ya kama, likita kan cike giɓin da prednisolone na ɗan gajeren lokaci, a fara da adadi mai yawa sannan a riƙa ragewa cikin mako biyu zuwa uku. Yana aiki da sauri, amma yana ɗaga suga da hawan jini, yana iya tayar da gyambon ciki, kuma yawan maimaita shi yana lalata ƙashi. Wata hanyar ita ce allurar da ake yi a ƙeya, kusa da babbar jijiyar da ke wurin, wadda kan ba da sauƙi na wasu makonni.

Idan verapamil bai karɓi mutum ba, akwai lithium, musamman ga wanda ciwonsa ba ya ɗaukewa, sai dai yana buƙatar auna yawansa a jini a kai a kai tare da duba ƙoda da tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, kuma ba a haɗa shi da ibuprofen da danginsa. Akwai topiramate, wanda kan kawo jin kamar ana soka allura a yatsu da raguwar nauyi da tsakuwar ƙoda. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta sanar da likita kafin ta fara ɗaya daga cikin biyun. A shekarar 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar galcanezumab, miligiram 300 sau ɗaya a wata, ga masu ciwon da ke zuwa ya ɗauke, amma ba ta nuna amfani ga masu ciwon da ba ya yankewa ba.

A tsawon zangon ciwon a ƙaurace wa barasa gaba ɗaya, domin ko kaɗan ce tana tayar da shi cikin ɗan lokaci, a kuma daidaita lokacin barci. Zafin wannan ciwo yana kai wasu ga tunanin hallaka kansu, kuma duk wanda irin wannan tunani ya zo masa ya faɗa wa likita ko na kusa da shi a ranar, ba tare da jin kunya ba. Idan aka yi kamar mako biyu babu tashi, likita zai fara rage verapamil a hankali maimakon yanke shi lokaci ɗaya, sannan a rubuta adadin da ya yi aiki a ajiye tare da takardar oksijin da ta allura, domin a fara da su a ranar da zango na gaba ya soma.