Pepperoni a kan piza: kurakuran da na gaji da gani

Makon jiya ƙanwar maigidana ta turo min hoton pizar da ta gasa, da tambayar da na ji har kunnena ya gaji: "Anti, me ya sa tawa take yin ruwa a tsakiya?" Na buɗe hoton na ƙura masa ido. Ba ruwa ba ne, jan mai ne ya kwanta a kan cuku kamar an tsiyaya manja a kan alala. Kafin in ce mata komai a kan man, sai da na sa ta je ta ɗauko ledar pepperonin, wato busasshen jan naman nan mai yaji da ake jerawa a kan piza, ta karanta min abin da aka rubuta a bayanta. Ta yi dariya, wai ni da tsoro. Ina da dalili.

Shekarun baya muna zaune a Amurka, maigida yana karatu, ni kuma ina sabon zuwa, rawar kai ya yi min yawa. Muka gayyaci abokansa da matansu cin abincin dare ranar wata Asabar, na ce piza zan yi, don a san amarya ta waye. Na shiga babban kanti, na ga leda da jan nama yankakke zagaye-zagaye, idona ya faɗa kan kalmar "beef", wato naman sa, na jefa uku a kwando na wuce. Tun daren Juma'a na kwaɓa fulawa. Piza biyar na shirya, biyu sun fito, ƙamshi ya cika gida, sai ga wata Hajiya maƙwabciyarmu da ta daɗe a ƙasar ta shigo kicin taya ni aiki. Ta tsinci ledar a kan kanta, ta juya bayanta, ta gyara tabarau, sannan ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, kin karanta wannan kuwa?" Kalmar farko a jerin kayan haɗin "pork" ce. Naman alade. "Beef" ɗin da na gani shi ne na biyu. Na ce, "Innalillahi, Hajiya, wallahi ban gani ba." Ta ce, "Ai gara da Allah ya kawo ni kafin wani ya kai baki." Duk biyar ɗin suka tafi kwandon shara, da cuku da kwaɓin da na kwana ina lallaɓawa. Baƙi shinkafa da wake suka ci da mai da yaji a daren nan, ni kuwa ina can ina wanke farantan gashi da sabulu ina sharar hawaye.

To ku saurara da kyau, don wannan ba kuskuren da za a gyara da ƙarin gishiri ba ne. Pepperoni na asali da naman alade ake yinsa, ko alade haɗe da na shanu. Haka yake tun fil'azal. Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka ne suka ƙirƙiro shi a farkon ƙarni na 20, suna kwaikwayon busasshen tsiran alade mai yaji na kudancin ƙasarsu. Wanda ba alade a ciki shi ne baƙo, shi ake nema da gangan. Jan launin da ke ruɗin mutane su ɗauka naman sa ne, daga garin jan tattasai da barkono da gishirin adana nama yake fitowa. Ko sunan ma yaudara ne: a Italiyanci "peperoni" tattasai ke nan, kuma wanda ya je Roma ya nemi piza da wannan suna, mai tattasai za a iya kawo masa.

Kuma kada a tsaya a gaban leda, inda ake rubuta abin da zai ja hankalin mai saye. Baya ake juyawa, a bi ƙananan rubutun nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka fara ambata shi ya fi yawa a ciki. A Turanci "pork", a kayan da aka rubuta da Faransanci, irin waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suka fi cin karo da su, "porc", a na Italiya "suino" ko "maiale". Sai wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba: rigar. Ana ɗura naman ne a cikin hanji ko wata siririyar fata da ake sarrafawa a masana'anta, kuma hanjin nan yana iya zama na alade ko da naman ciki na shanu ne zalla. Na talotalo ma ba ya nufin yankan Musulmi ne. Ni dai tun daga daren nan, in ban ga tambarin halal ba, in mai kanti ya rantse da abin da zai rantse, ajiyewa nake yi. Wanda aka zazzage daga ledarsa aka ƙulla a farar leda ba suna ba rubutu kuwa, ko kyauta ba na karɓa.

Yanzu mu koma kan man ƙanwar maigida. Pepperoni nama ne mai kitse sosai, kuma kitsen nan narkewa zai yi, ba makawa. Abin tambaya shi ne a ina zai sauka, kuma da wane irin zafi. Masu koyo suna jera shi kamar sulallan kuɗi, wani a kan wani, har ba a ganin cuku, wai don kada a ce sun yi rowa. Sannan su tura cikin obin da aka kunna minti biyar da suka wuce. Me kuke tsammani? A wuta mai sanyi-sanyi kitsen yana tsiyaya a hankali na tsawon minti ashirin ko fi, ya jiƙe cuku, ya ratsa miya, ya sauka cikin kwaɓi, tsakiya ta zama danƙo, naman kuma ya fito laɓo-laɓo kamar an dafa shi a ruwa. Wannan ba gashi ba ne, turare ne.

Murhun masu piza na birnin Napoli yana haura digiri 400 a ma'aunin Celsius, a cikin minti ɗaya da rabi an gama. Obin na gida da ƙyar yake wuce 250. Saboda haka duk abin da yake da shi sai an tatso. Ina murɗa nawa har ƙarshe, in sa farantin ƙarfe mai kauri a ciki a kife, in bar shi minti arba'in yana shan wuta kafin piza ta hau. Na san gas da tsada, kada a faɗa min, ni ma saye nake yi. Amma wadda ta ji ƙyashin minti arba'in na gas, za ta yi asarar cuku da nama da fulawa gaba ɗaya, sai ta zauna ta lissafa wanne ya fi. A irin wannan zafin piza tana nuna cikin minti bakwai zuwa goma, gefen naman ya soyu ya yi ƙus-ƙus.

Wasu suna cewa a bar man, shi ne daɗin. Ni ban yarda ba. Abin da nake yi, ina shimfiɗa yankakken naman a busasshen kasko a kan wuta kaɗan, abin da bai kai minti ɗaya ba, da na ga ya fara zufa sai in kwashe in ɗora a kan tishu. Ba soyawa ba, tsoratarwa kawai. Man da ya rage a kasko ba na zubarwa, cokali ɗaya nake sawa a miyar tumatir. Wadda ta bar shi ya soyu a kasko sannan ta kai obin, gawayi za ta ci. Adadi kuma, a piza mai faɗin babban faranti yanka ashirin sun isa, da tazara tsakaninsu, a riƙa hango cuku.

Idan kun samu wanda ba a yanka ba, dogo kamar guntun rake, shi ya fi. Ku yanka da kanku, kauri kamar milimita 3. Da wuta ta taɓa shi rigar tana tsukewa, gefe ya riga tsakiya nuna, sai yankan ya lanƙwashe sama ya zama ɗan ƙoƙo, man ya taru a ciki maimakon ya malale. Yarana wannan suke tsincewa su bar min burodin. Wanda aka yanka a masana'anta siriri kamar takarda, a kwance yake zama.

A sama ake ɗora shi, ba a ƙarƙashin cuku ba. Wanda aka binne ba ya ganin wuta. Sai dai na talotalo, shi ba shi da kitse sosai, yana saurin bushewa ya koma kamar fatar takalmi, don haka nakan ɗan yayyafa masa cuku a kai ko in shafa masa mai da ɗan yatsa.

Gishiri: pepperoni da gishirinsa, cuku da nasa. Hannun nan namu da ya saba marmasa dunƙule biyu a kowace tukunya, a riƙe shi. Ɗanɗana naman tukuna kafin a sa wa miya komai.

Cuku mai ruwa, irin farin dunƙulen mozarela da ke zuwa a jiƙe cikin leda, in ya haɗu da man pepperoni tafki ake samu. A nemi busasshe mai gurzuwa.

Tsiran nan mai laushi da ake sa wa yara a burodi ba pepperoni ba ne, ko an yanka shi zagaye an barbaɗa masa yaji. Shi dafaffe ne, pepperoni kuwa tsima shi ake yi ya ɗan yi tsami sannan a busar, daga nan ɗanɗanonsa yake.

Ajiya ma abin kula ce a inda wuta ke wasa da mutane. Ledar da aka buɗe aka bari a firjin da yake yini a kashe, in ta fara yauƙi ko launin ya dushe ya koma toka-toka, ko wari ya sauya, a zubar, kada a ce wutar obin za ta gyara. Ni ina raba shi gida-gida a ƙananan ledoji, kowace ta piza ɗaya, in jefa can ƙasan firiza.

Ƙanwar maigida dai da ta karanto min bayan ledarta, na shanu ne, da tambarinsa, alhamdu lillahi. Sai ta ce ai tsadarsa ta ishe ta, ko za ta iya sa kilishi a madadinsa. Na ce ta sa mana, nakan yi in na rasa na halal, amma kada ta kuskura ta tura shi obin tun farko. Kilishi ya riga ya bushe, ga ƙuli a jikinsa, minti goma a wannan zafin zai ƙone ya yi ɗaci. A yayyaga shi ƙanana, a yayyafa masa ruwa kaɗan ya yi laushi, sai saura minti biyu a sauke a buɗe obin a watsa shi a kai. Jiya da daddare ta sake turo hoto, tsakiyar ta tsaya kyam, sai dai gefe ɗaya ya yi baƙi, wai tana waya ta manta ba ta juya farantin ba.