Yadda na haɗa shafin React da API a kan Nginx ɗaya

Fayilolin shafin da na gina da React (kayan aikin gina fuskar shafin yanar gizo) suna cikin /var/www/shafi, API ɗin kuma, wato ɓangaren da ke ba shafin bayanai, na rubuta shi da Express (kayan aikin gina sabar), yana sauraro a tashar 3000. Burina duka biyun su fito ta adireshi ɗaya a kan Nginx, manhajar sabar da ke karɓar buƙatun masu ziyara, in huta da rigimar CORS, wato ƙa'idar burauza kan neman bayanai daga wani adireshi daban.

Shafin farko yana buɗewa lafiya lau, amma da zarar ka shiga /kaya/12 ka sabunta, sai 404, wato ba a samu shafin ba. Nginx yana laluben fayil mai wannan suna ne a faifai, alhali React ke ƙirƙirar hanyar a cikin burauza. Layi ɗaya ya magance shi a cikin sashen location / na fayil ɗin saitin Nginx:

try_files $uri $uri/ /index.html;

Wato a nemi fayil, in babu a nemi folda, in ita ma babu a miƙa index.html, React ya ƙarasa.

Ɓangaren API ne ya fi cin rai. Na buɗe location /api/, na sa:

proxy_pass http://127.0.0.1:3000/;

Ka lura da alamar / ɗin ƙarshe. Idan tana nan, Nginx zai yanke /api/ kafin ya tura buƙata, Express ya ga /kaya kawai. Idan babu ita, hanyar za ta tafi ɗungurungum, kuma tunda hanyoyina na Express ba su da /api a gaba, sai amsar "Cannot GET /api/kaya". Jerin sassan location biyun bai dame ni ba, domin Nginx yana zaɓar wanda ya fi tsawon dacewa.

Na ƙara proxy_set_header Host $host, na gwada saitin da nginx -t, sannan na sa Nginx ya sake karanta shi da systemctl reload nginx.