Darasi Na Shida: Duba Lafiyar Mota da Hannunku

Mota ba ta cika lalacewa dare ɗaya ba. Kafin inji ya buga, mai ya daɗe yana raguwa. Kafin taya ta fashe a tsakiyar hanya, ta yi makonni tana tafiya da ƙarancin iska. Alamun suna nan, dubawa ce ba a yi ba. A wannan darasi za mu koyi abubuwan da mai mota, namiji ko mace, zai iya dubawa da kansa sau ɗaya a mako ba tare da ya zama bakanike ba. Ku tanadi tsumma mai tsabta, ma'aunin iskar taya, da ƙaramin littafi da biro. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da safe kafin a tayar da mota, tana ajiye a wuri shimfiɗaɗɗe, ba a gangare ba.

Baƙin mai

A kansa za mu fi daɗewa, domin gyaran inji yana cikin gyare-gyaren da suka fi kowanne wahala. A cikin inji ƙarfe ne ke gudu a jikin ƙarfe, sau dubbai a kowane minti. Baƙin mai ne ke shiga tsakani don kada su ci juna, shi ne kuma ke kwashe datti da wani ɓangare na zafi. Idan ya yi ƙasa sosai, famfon mai sai ya koma zuƙar iska, kuma cikin 'yan mintuna inji na iya tashi daga aiki.

Ku ɗaga bonet, ku nemi sandar gwajin mai. A yawancin motoci kanta zobe ne mai launin rawaya ko ruwan lemo. Ku zaro ta, ku goge ta tas, ku mayar da ita har ƙarshe, sannan ku sake zarowa. Awo na biyun nan shi ne na gaskiya. A ƙasan sandar akwai alamu biyu. A wata motar ramuka ne ƙanana, a wata an rubuta MIN da MAX, a wata kuma L da F. Ta ƙasa tana nufin mai ya kai ƙarshen raguwa, ta sama tana nufin ya cika. Ana son ya tsaya tsakaninsu, gara ma kusa da ta sama. A motoci da yawa tazarar da ke tsakanin alamun biyu kusan lita 1 ce, saboda haka kada ku tuttule galan gaba ɗaya. Ku zuba kaɗan, ku dakata minti 2, ku sake aunawa. Man da ya haura alamar sama shi ma illa ne, domin yana yin kumfa, yana kuma takura robobin da ke toshe inji har su fara yoyo. In kuwa motar ta riga ta yi tafiya, ku kashe ta ku jira minti 5 zuwa 10 mai ya sauko kafin ku auna.

Bayan yawansa, ku dubi kamanninsa. Ku ɗiga shi a yatsa ku murza. Sabon mai garai-garai yake, kuma don ya yi baƙi bayan tafiya ba laifi ba ne, datti ya kwasa. Abin tsoro shi ne ku ji yashi-yashi a yatsa, ko ku ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ko ku tarar ya koma fari-fari mai kauri. Wannan na ƙarshe yawanci ruwa ne ya shiga cikin mai, sau da yawa saboda gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Motar da ta nuna haka ba ta tafiya mai nisa, sai bakanike ya gani.

Yaushe ake juye? Littafin da kamfani ya haɗo da mota shi ne alƙali. A motoci da yawa wa'adin yana tsakanin kilomita 5,000 zuwa 10,000, ko wata 6 zuwa shekara 1, duk wanda ya riga cika. Motar da ke yawan shiga ƙura, ko tsayuwa cikin cunkoso, ko gajerun tafiye-tafiye, a bi mata gajeren wa'adin. A canza filtar mai tare da man, domin tsohuwar filta tana ɓata sabon mai. Lambobin da ke jikin galan, irin su 5W-30 ko 20W-50, kaurin man suke nunawa. Akwai masu cewa mai kauri ya fi ga kowace mota. Ban yarda da wannan ba. Injinan zamani hanyoyin mansu matsattsu ne, mai kauri yakan makara kafin ya isa inda ake buƙatarsa, musamman lokacin tayar da mota. Ku sayi lambar da littafin motarku ya ambata. Tsohon man kuma kada a zubar da shi a ƙasa ko a magudanar ruwa, yana gurɓata ruwan sha.

Ruwan lagireto

Inji yana aiki ne a zafin da ya kai kusan digiri 90. Ruwa ke zagayawa cikinsa ya ɗauko zafi ya kai lagireto, iska da fanka su huce shi, ya sake komawa. A gefen inji akwai farar robar ruwa wadda ake hango abin da ke cikinta, ita ma da alamar ƙasa da ta sama. Ku duba ta inji na sanyi.

Ga gargaɗin da nake roƙon kowa ya riƙe da hannu biyu: kada ku taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin nan yana matse shi yadda zai wuce haka bai tafasa ba. Da zarar an murɗe murfin, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsiri sama, daidai inda fuska da hannu suke. Idan allurar zafi ta doshi harafin H ko jan layi, ku sauka gefen hanya, ku kashe mota, ku ba ta aƙalla rabin awa ta huce.

Ruwan da ya dace shi ne na musamman da ake sayarwa don lagireto, mai launin kore, ja ko shuɗi. Yana hana tsatsa, yana kuma jure zafi fiye da ruwa zalla. Ruwa zalla na fitar da mutum daga matsala a kan hanya, amma idan aka daɗe da shi yakan bar tsatsa da datti su toshe hanyoyi. Ruwan na musamman guba ne, ga shi da ɗan zaƙi, don haka a nisanta shi daga yara da dabbobi. In kun ga kuna ƙara ruwa kowane mako, akwai inda yake zuba. Ku bi tiyo-tiyon da ido, ku matsa su da hannu, ku nemi wanda ya tsage, ko ya kumbura, ko ya yi laushi tuɓus.

Man birki

Ƙaramar roba ce can bayan inji, ta ɓangaren direba. A murfinta za ku ga DOT 3 ko DOT 4, irinsa kawai za a zuba. Yana raguwa a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa, amma raguwa ta farat ɗaya yoyo ne. Man birki yana shan damshin iska, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2. Idan kun taka birki kuka ji ya yi laushi ko yana nutsewa ƙasa, kada motar ta hau titi.

Taya

Ku auna iska taya na sanyi, domin zafin tafiya yana ɗaga awo. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, ko a littafin mota. A ƙananan motoci yakan kasance tsakanin PSI 30 zuwa 35 (PSI shi ne awon matsin iska da ma'auni ke nunawa). Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne.

Mutane sun fi tsoron iska ta yi yawa, alhali ƙarancinta ne ya fi fasa taya. Tayar da ba ta cika ba tana lotsawa tana miƙewa a kowane juyi, kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta yi zafi ta tsinke. Ga shi kuma tana sa mota shan fetur.

Ku durƙusa ku kalli zanen tayar. Idan gefe da gefe sun cinye tsakiya na nan, iska ta daɗe tana ƙaranci. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe ɗaya ne kawai, ƙafar motar na buƙatar saiti. A cikin ramukan zanen akwai ƙananan tudun roba masu tsayin milimita 1.6. Ranar da zane ya yi daidai da su, taya ta gama aiki, kuma a kan jiƙaƙƙen titi sulɓi za ta yi. Kumburi a gefen taya kuwa ba ya facuwa, canji ne.

Taya tana da ranar haihuwa, ga kuma inda karatunmu zai yi amfani. A gefenta ku nemi haruffan DOT, ku bi layin har ƙarshe, za ku ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2321 yana nufin mako na 23 a shekarar 2021. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Daga shekara 5 a riƙa sa mata ido sosai, wadda ta kai shekara 10 kuwa a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Safaya ma a auna iskarta, a tabbata jak da sifanar kwance taya suna cikin but.

Batir da sauransu

Batir yakan yi shekara 3 zuwa 5. Ku duba kawunansa biyu ko sun yi farin gari, ko wayoyin na motsi. In za a cire shi, a fara kwance kan da ke da alamar ragewa (−), wajen mayarwa kuma shi ne na ƙarshe. Ku leƙa fambel ko ya tsattsage, ku ɗaga filtar iska ga haske, in haske bai ratsa ba a canza ta. Ku sa wani ya tsaya a baya ku taka birki, ku kunna sigina, ya faɗa muku ko duk suna kamawa. Waifar da ke barin layi a gilashi robarta ta mutu.

Bayan kun janye mota, ku waiga inda ta kwana. Ruwa garai a ƙarƙashin gaba yawanci na na'urar sanyaya ɗaki ne, ba komai. Baƙin ɗigo man inji ne, mai ja-ja yakan zama man giya. Hayaƙin salansa ma yana magana: shuɗi mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inji. Kada a bar mota tana aiki a rufaffen gareji, domin a hayaƙinta akwai iska mai kisa wadda ba ta da launi ba ta da wari.

Fitilun dashbod suna kamawa duka idan an murɗa makulli, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ta ƙi mutuwa saƙo ce. Rawaya tana nufin a kai a duba ba da jimawa ba. Ja tana nufin a tsaya. Jar fitila mai hoton butar mai ta fi kowacce gaggawa: a kashe inji nan take, ko da saura ƙiris a isa gida. Mai hoton batir kuwa tana nufin mota ta daina cajin batirinta.

Aikin aji

A littafinku ku ja layuka huɗu: kwanan wata, kilomita, abin da aka duba, abin da aka gani. Ga misali: 4 ga Maris, kilomita 82,300, baƙin mai, yana tsakiyar alamu biyu. Da wannan rubutu ne za ku gane ko motarku ta fara cin mai fiye da da, kuma da shi za ku yi wa bakanike bayanin da ba kame-kame.

1. An yi juye a kilomita 82,300, wa'adin motar kuma kilomita 5,000 ne. A kilomita nawa za a sake yi?
2. An rubuta 0819 a jikin taya. A wane mako da wace shekara aka yi ta?
3. Me ya sa ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi? Ku rubuta amsa a jimla biyu.
4. Kafin darasi na gaba, ku sami mota, taku ko ta wani da izininsa, ku kwafo lambobin tayoyinta huɗu da na safaya, ku zo da su aji mu karanta tare.