Yadda Ake Zaɓen Taliyar Leda Mai Kyau a Kasuwar Ƙauye

A ƙauyukan Kano da Jigawa taliyar leda ta samu wurin zama a kusa da taliyar Hausa da mata ke murzawa su shanya a igiya, musamman a lokacin azumi da biki da ranar da aka yi baƙin bazata. Yawanci maigida ne ke sayo ta ranar kasuwa, a Wudil ranar Juma'a ko a Gujungu ranar Lahadi, ko kuma a aiki yaro tireda, amma uwargida ce ke ganin halinta a tukunya. Abin da take nema ɗaya ne, wato taliyar da za ta dahu ta tsaya wara-wara ba tare da ta caɓe ba, kuma ana iya gane irin wannan tun kafin a biya kuɗi.

Tushen ingancin taliya shi ne alkamar da aka yi ta da ita. Mafi dacewa ita ce alkama mai tauri da ake kira durum, wadda ake niƙawa ta zama tsaki-tsaki maimakon gari mai laushi. Tana da sinadarin gina jiki mai yawa, kuma shi ne ke riƙe sitaci a jikin taliya idan ta shiga tafasasshen ruwa, don kada ya narke ya mai da tukunya kamar kunu. Saboda haka ne Italiya, ƙasar da ta fi shahara da wannan abinci, ta kafa doka a 1967 cewa da irin wannan alkama za a riƙa yin busasshiyar taliyar da ake sayarwa a cikinta. Wanda ya iya karatun boko sai ya juya bayan leda ya nemi kalmar durum ko semolina a jerin kayan haɗi, ya kuma duba ko sinadarin gina jikin ya kai wajen giram 12 a cikin kowane giram 100. Wanda bai iya ba, idonsa ya ishe shi aiki.

A ɗaga ledar a fuskanci haske da ita. Taliya mai kyau launinta ruwan ɗorawa ne mai ɗan sheƙi, iri ɗaya daga sama har ƙasa, sandunanta kuma a miƙe suke. Wadda ta yi fari fat, ko aka ga fararen ɗigo da tsage-tsage a jikinta, ba a sarrafa ta yadda ya kamata ba, kuma a tukunya za ta kakkarye. Daga nan sai a karkata ledar a dubi gindinta, domin a nan asiri ke tonuwa. Idan gari ya taru tare da gutsattsari, ko aka ga ƙananan ƙwari baƙaƙe irin na hatsi, ko wata 'yar huda a jikin leda, to a mayar wa mai kanti kayansa cikin mutunci a nemi wata.

A ganina, inda aka ajiye taliya ya fi sunan da ke jikinta muhimmanci, kuma wannan ne mutane suka fi sakaci da shi. Golden Penny da Honeywell da Power da Crown duk suna iso mana, kowace da masu son ta, amma babu wadda za ta tsira idan katan ya kwana a ƙasa da damina ya sha danshi, ko ya zauna a jikin garin sabulu da jarkar kananzir. Abincin alkama yana ɗaukar wari, kuma babu yajin da ke ɓoye warin sabulu a cikin dafa-duka. Gara a saya a shagon da kaya ba sa daɗewa kuma ake ɗora katan a kan katako, ko da an ƙara 'yan nairori.

Lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi wajibi ne a gan su a fili, kuma a guji ledar da aka goge rubutunta. Nauyi ma abin lura ne, domin ledar da aka saba da ita giram 500 ce, amma akwai mai giram 400 da ke kama da ita a ido. A katan mai leda 20, bambancin ya kai kilo 2 cur, saboda haka arahar da aka gani a baki tana iya zama tsada.

Sai kuma a yi la'akari da girkin da za a yi. Siririyar taliya tana saurin dahuwa, ta dace da mai da yaji ko miyar da za a ci nan take, kuma tana rage cin itace. Mai kauri da makaroni sun fi jure dafa-duka da babbar tukunyar biki, inda ake yawan juyawa kuma abinci ke daɗewa kafin a gama rabo.

Kafin a sayi katan, a fara da leda ɗaya a ba uwargida ta gwada. Ta bari ruwa mai yawa ya tafasa sosai, ta sa gishiri, sannan ta zuba taliyar ta juya. Idan ruwan ya ɗan yi gari-gari kawai, wannan daidai ne, amma idan ya yi kauri yana yauƙi, sitaci ya zube. Bayan ta tace, sai ta rufe kaɗan a kwano ta bar shi wajen rabin awa, domin a gidajenmu abinci yakan jira masu dawowa daga gona da yara daga makaranta. Taliyar da har lokacin ake iya ɗiba da cokali tana rabuwa, ita ce za a riƙe sunanta da nauyinta a nemi katan ɗinta ranar kasuwa mai zuwa.